Me Aka Saya, Kuma Don Wa Aka Saya?

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen makaranta da jarrabawa, mu taɓo abin da ya shafi aljihun kowane magidanci, watau rubuta abin da ake kashewa a gida. Dalili kuwa shi ne, wasu daga cikin tsofaffin ɗalibanmu sun tare mu a ƙofar gida kwanakin baya, kowa riƙe da wayarsa, suna nuna mana manhajar da suke rubuta kuɗin shiga da na fita a cikinta. Suka ce sun gane gurbin da ake zaɓar abinci ko magani ko sufuri, amma akwai wani gurbi na biyu a ƙarƙashinsa wanda kullum suke tsallakewa, don ba su ga amfaninsa ba. Muka ce musu su nemi tabarma su zauna, domin rashin wannan gurbin da suke rainawa ya kusa shiga tsakaninmu da yayanmu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Duk wanda ke Gadarif ya san abin da ya faru bayan yaƙi ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu, 2023, balle kuma da Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar. An rufe makarantu, azuzuwan da muke koyarwa a ciki suka zama ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira, albashi kuwa ya yi watanni bai leƙo mu ba. Gidanmu da yake da mutum 7 ya wayi gari da mutum 16, domin ƙanwarmu ta iso da 'ya'yanta, ga kuma surukai biyu da wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ba ta da kowa. Abin da ya riƙe gidan, bayan taimakon Allah, shi ne ɗan aiken da yayanmu yake yi daga Jidda. Shi kuwa ba ya aiko kuɗi a dunƙule. Kullum sai ya ce wannan na maganin Inna ne, wannan rabona ne na aikin gonar gandu, wannan kuma a taimaki baƙi da shi.

Mu kuma tun muna kwalejin horon malamai aka saba mana da rajista, saboda haka ba mu taɓa zama babu littafin kuɗi ba. Kwanan wata, abin da aka saya, nawa aka biya, sa'an nan wane rukuni ya faɗa: abinci, magani, mai da sufuri, ladan 'yan ƙwadago, sutura, da sauransu. Har alfahari muke yi da shi. To, da aka gama sussukar dawa, sai yaya ya bugo waya ya yi tambaya guda ɗaya tak: "Malam, nawa gonar nan ta ci bana, nawa kuma ta kawo?" Muka buɗe littafi da ƙarfin gwiwa, muka tara abin da ke ƙarƙashin ladan 'yan ƙwadago da kuɗin iri, muka aika masa. Kwana biyu shiru. A rana ta uku ya ce, "Ƙanena, ni ban ce ka ci ko kwabo ba. Amma abin da na aiko don gona ya ninka wannan sau biyu. Ina sauran ya shiga?"

Ba mu da amsa. Kuɗin dai ba su ɓata ba, suna nan cikin littafin, sai dai sun warwatse. Man dizal da aka zuba wa tarakta yana ƙarƙashin mai da sufuri, tare da kuɗin motar da ta kai Inna asibiti. Garin dawa da busasshiyar kuɓewa da sukarin da masu yankan riɗi suka ci suna ƙarƙashin abinci, tare da cefanen gida. Buhunan da aka saya na zuba amfani suna ƙarƙashin kayan gida. Littafin ya san abin da aka saya ƙwarai da gaske, amma bai san don wa aka saya ba. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mun kuwa ga tsagar da idonmu a wannan mako, domin har matan gidan sun fara 'yan gunaguni a kan wa ke cin kuɗin wa.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, kowane kuɗi da ya fita daga hannu yana amsa tambayoyi biyu dabam-dabam. Ta farko, me aka saya? Amsarta ita muke kira rukuni. Ta biyu, don wa, ko don wane aiki aka saya? Amsarta ita ce masu manhajar kwamfuta suka yi wa gurbi na musamman, mu kuma a nan za mu kira ta shaida. Mun aro kalmar ne daga kasuwar amfanin gona ta garin nan. Buhun riɗi buhun riɗi ne, duk iri ɗaya, amma kowane yana ɗauke da shaidar mai shi a jikinsa, shi ya sa ko an tara dubu a fili ɗaya ba a rikicewa. Riɗi shi ne rukuni, alamar da ke jikin buhun ita ce shaida. Kakanninmu da suka biyo hanyar aikin hajji daga ƙasar Hausa suka yada zango a nan, da waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san wannan sarai. Fatoman da ke saukar da fatake ba ya haɗa kayan baƙo da na baƙo, ko da kuwa goro ne duka.

Ko gwamnati ma haka take yi da kasafinta. Mu malamai mun fi kowa sanin fasali na ɗaya, domin a nan albashi yake. Amma wannan fasalin yana faɗin irin kuɗin ne kawai. Sai an sake duba shi ta wata fuska kafin a san nawa ne na malaman makaranta, nawa ne na ma'aikatan lafiya, nawa ne na 'yan sanda.

Yanzu bari mu dubi yadda abin yake a cikin kwamfuta. Manyan manhajojin lissafin gida guda biyu da suka yi tashe a Amurka su ne Quicken, wanda kamfanin Intuit ya fitar a shekarun 1980, da Microsoft Money, wanda ya fito a 1991. A cikin Quicken, bayan mutum ya rubuta rukuni sai ya ja 'yar sanda a karkace ya rubuta shaida, alal misali Abinci/Gona ko Magani/Inna. Shi kuwa Microsoft Money ya ba mutum damar buɗe jerin shaida har iri biyu, kowane ya raɗa masa sunan da ya ga dama, ya ce na farko na mutanen gida ne, na biyu na gidajen haya ne, ko dai wani abu. In wata ya ƙare sai manhajar ta fitar da jadawali, rukunoni a jere daga sama zuwa ƙasa, shaidu a jere daga gefe zuwa gefe, kowane kuɗi ya zauna a mahaɗarsa. Kamfanin Microsoft ya daina sayar da tasa manhajar a 2009. Mu a Sudan ba mu ci moriyar waɗannan sosai ba, domin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar daga 1997 zuwa 2017 ya sa sayen irinsu ta halattacciyar hanya ya yi wuya, kuma an gina su ne don bankunan can. Amma dabarar ba ta mutu ba. Tana nan cikin manhajojin waya na yanzu da wasu sunaye, kuma duk wanda ya iya Excel ko LibreOffice zai iya ƙara layi ɗaya ya sami abin da muke faɗi. Wanda ke amfani da GnuCash, wadda kyauta ce, zai tarar ba ta da gurbin shaida na musamman, sai dai ya riƙa rubuta kalmar a wurin bayani, ya tace ta daga baya.

Wani zai ce, ai da sauƙi, me zai hana a ƙara yawan rukunoni kawai? A buɗe abincin gida, abincin gona, abincin baƙi, man gida, man gona, haka dai. Mun gwada wannan, ba labari aka ba mu ba, kuma mako uku muka yi muka watsar. Ku yi lissafin da kanku. In kana da rukuni 12 da shaida 5, ka ce sai ka haɗe su, kana neman suna 60 ke nan. In ka raba su, suna 17 kacal za ka riƙe. Ban da haka, ranar da ka so sanin nawa abinci ya ci gaba ɗaya, sai ka bi gurbi biyar kana tarawa. Ranar da aka sami sabon aiki kuma, a ce ka fara kiwon awaki, sai ka sake buɗe sababbin rukunoni 12 saboda awaki kaɗai, alhali kuwa da shaida kake aiki kalma ɗaya za ka ƙara. Littafin da ya yi wa mai shi nauyi ba ya kai ƙarshen wata.

Bari mu kawo misali da lambobi masu sauƙin tarawa. Mu ɗauka a wata guda gida ya kashe fam 1,000,000. Ta fuskar rukuni: abinci 500,000, mai da sufuri 200,000, magani 150,000, ladan 'yan ƙwadago 150,000. Wanda ya tsaya a nan zai ce abinci ne ya cinye rabin kuɗin, gona kuwa 150,000 ta ci, sai ya juya ya hau uwargida da faɗa a kan cefane. To, a sa wa kowane shaida a gani. Cikin abincin nan, 250,000 na gida ne, 150,000 na baƙi, 60,000 na ma'aikatan gona, 40,000 na Inna, saboda likita ya hana ta wasu abubuwa. Cikin mai da sufuri, 150,000 na gona ne, 40,000 na gida, 10,000 na kai Inna asibiti. Cikin magani, 100,000 na Inna, 30,000 na gida, 20,000 na baƙi. Ladan 'yan ƙwadago kuwa duka na gona ne. Da aka tara ta wannan fuska sai ga gona da 360,000, gida 320,000, baƙi 170,000, Inna 150,000. Jimla dai ba ta canja ba, miliyan ɗaya ce ta kowane gefe, kuma wannan daidaituwar ita ce hujjar cewa ba a yi kuskure ba. Amma labarin ya canja. Gonar da ake zaton ta fi kowa sauƙi ita ce ta fi kowa ci, baƙin da ake yi wa kallon sun cinye gida kuwa ko kashi ɗaya cikin biyar ba su kai ba.

Irin wannan muka zauna muka yi wa littafinmu na wata takwas, layi bayan layi, da jan biro, dare huɗu a jere da fitilar waya. Da mun sa shaidar tun ranar da aka kashe kuɗin, da ba mu sha wannan wahalar ba, domin akwai layuka da yawa da sai da muka kira uwargida ta tuna mana ko sukarin ranar kaza na gida ne ko na gona. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wuraren da aikin ke da ɗan sarƙaƙiya, kuma gara mu faɗe su. Na farko, sayayya ɗaya mai shaida biyu. Ka sayi buhun sukari, rabi ya tafi gona rabi ya zauna gida. Kada ka rubuta shi layi ɗaya, raba shi biyu, kowane da shaidarsa. Manhajoji masu kyau duka suna da hanyar tsaga ciniki ɗaya gida-gida. Na biyu, tukunya ɗaya da kowa ke ci. Ba wanda zai tsaya da ma'auni a bakin murhu. Abin da muka yi shi ne ƙidaya kawuna: mutum 16 ke ci, 9 baƙi ne, sai a raba kuɗin cefane bisa haka a ƙarshen wata, a kuma tsaya a kan wannan ƙa'ida kada a riƙa sauya ta. Na uku, wanda manoma suka fi mantawa, shi ne dawar da aka ɗebo daga gona aka ci a gida. Ba a biya kuɗi ba, saboda haka ba ta shiga littafi, sai gona ta fito kamar ta yi hasara, gida kuma ya fito kamar ba ya ci. Daidai shi ne a rubuta ta sau biyu da farashin kasuwa na ranar: kuɗin shiga mai shaidar gona, da kuɗin abinci mai shaidar gida. In gonar ta gandu ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗan'uwan da ke nesa yana da haƙƙi a cikin kowane buhu da aka ci.

Mun ce Microsoft Money ya ba da shaida iri biyu. Da farko mun ɗauka almubazzaranci ne, sai noma ya nuna mana amfaninsa. Shekarar manomin Gadarif ba ta bin kalanda. Ana shuka a Yuli, a yi noma a Agusta, a yanki riɗi wajen Oktoba, dawa kuwa sai Disamba ko Janairu, mai haƙuri kuma ya riƙe amfaninsa har Afrilu ko Mayu yana jiran farashi. Watau kuɗin da aka kashe a wannan shekara, ribarsa sai a shekara mai zuwa. Idan ka nemi manhaja ta ba ka lissafin Janairu zuwa Disamba, za ta haɗa cinikin daminar bara da ɗawainiyar daminar bana ta ba ka lambar da ba ta da ma'ana. Maganin abin shi ne shaida ta biyu, wadda za a kira damina: daminar 2023, daminar 2024, haka. Buhun da aka sayar a Afrilun 2025 sai a sa masa shaidar gona, da kuma shaidar daminar 2024. Manyan manoma masu gonakin tarakta na fedan 1,000, irin noman da aka faro a Gadambaliya tun tsakiyar shekarun 1940, suna da akawu masu yi musu wannan. Mai 'yar gonar bayan gari ba shi da akawu sai kansa, kuma shi ya fi bukata, musamman in ya karɓi kuɗi da alkawarin biya da amfani in kaka ta yi. Wanda bai san nawa buhu ɗaya ya ci masa ba, ta yaya zai san ko farashin da aka yanka masa riba ce ko yanka ce?

Sai kuma wata matsala da masu ƙera manhajojin nan ba su yi tunaninta ba, domin ba su zauna a Sudan ba. Kuɗinmu ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 1992 aka kawo dinari, kowane ɗaya a kan fam 10. A 2007 aka dawo da fam, kowane ɗaya a kan dinari 100, shi ya sa har gobe dattawa ke kiran dubu da sunan miliyan. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam a hukumance daga 55 zuwa 375 kan dala ɗaya, a tsakiyar shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Abin da yaƙi ya ƙara a kai kuwa kowa ya ji a jikinsa. Saboda haka kwatanta kuɗin bara da na bana da lamba kawai yaudarar kai ce. Shawararmu biyu ce. A rubuta lamba yadda take a jikin takardar kuɗi, ba yadda baki ya saba faɗi ba, domin mun taɓa ganin 'yan'uwa sun yi sa-in-sa a kan miliyan ɗin tsoho da miliyan ɗin yaro. Sa'an nan a wurin bayani a rubuta yawan abin: dizal galan nawa, dawa buhu nawa, riɗi kintari nawa, ma'aikata mutum nawa kwana nawa. Fam yana narkewa, amma galan galan ne. Nan ma shaida tana da wani amfani, domin rabon kaso bai cika damuwa da hauhawar farashi ba. In gona ta ci kashi 36 cikin 100 bara, bana ta ci 50, ka san akwai abin dubawa ko nawa dala ta kai.

Ga wani gargaɗi ga matasan da ke amfani da manhajojin waya. Da yawa cikinsu, har da Quicken na baya-bayan nan, sun bar tsohon tsarin shaida sun koma wani mai sassauci, inda za ka iya liƙa wa ciniki ɗaya alama biyu ko uku ko goma. Yana da daɗi, amma akwai rami. In ka liƙa wa kuɗin mota alamar Inna da alamar baƙi duka biyu, to, zai fito a jimlar Inna ya kuma fito a jimlar baƙi, sai ka tara ka ga kuɗin ya fi abin da ya fita daga aljihunka. Ka sa wa kanka doka: kowane layi shaidar mutum ɗaya, shaidar damina ɗaya, ba ƙari. Kada kuma ka bar layi babu shaida. Abin da ba na kowa ba, na gida ne. Shaidun ma kada su wuce biyar ko shida. Wani abokin aikinmu ya buɗe wa kowane ɗa nasa shaida, 'ya'ya tara, har da jaririn goye, muka ce masa wannan ba lissafi ba ne, rajistar aji ce.

Mun san akwai masu jin ƙyamar wannan magana tun daga tushe. Wata gwaggonmu da ta ga muna rubuta kalmar baƙi a gefen kuɗin cefane ta ce, "Haba Malam, yanzu lomar baƙo ake ƙirgawa a gidan nan? Ubanku bai yi haka ba." Maganarta ta shige mu, domin gaskiya ce a al'adarmu abin kunya ne a yi wa baƙo gori. Muka ce mata, "Gwaggo, ba don a nuna musu ba ne, kuma ba za su taɓa gani ba. Yaya ne ya ba mu amana kashi uku, in ba mu rubuta ba, kuɗin maganin Inna zai shige tukunya ba da saninmu ba." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ai ita ma haka take ƙulle kuɗin adashe a wannan bakin zane, na cefane a wancan. Duk da haka mun ɗauki rabin shawararta, mun sauya kalmar daga baƙi zuwa zumunci, ko yaro ya buɗe littafin ba zai ga abin da zai sosa ran kowa ba. Kuma a ganinmu, wanda yake kashe kuɗin guminsa shi kaɗai, babu amanar kowa a hannunsa, ba dole ne ya yi wa baƙinsa shaida ba. Amma mai riƙe da kuɗin wani, ko na ɗan'uwa da ke ƙetare, ko na masallacin unguwa, ko na ƙungiyar iyayen yara, balle dukiyar marayu wadda yaƙin nan ya jefa a hannun mutane da yawa, wannan ba shi da zaɓi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, Suratun Nisa'i kuma ta yi kashedi a kan cakuɗa dukiyar maraya da ta mai riƙonsa. Yaron da ke shekara 8 yau, wata rana zai zo da gemu ya yi irin tambayar da yayanmu ya yi.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya ce wannan zancen masu hali ne. Littafin rubutu na ɗalibi ya isa. A ja layi shida: kwanan wata, bayani da yawan kaya, shiga, fita, rukuni, shaida. Manomi ya ƙara na bakwai don damina. A shafin ƙarshe na kowane wata a zana jadawalin da muka bayyana, a tara ta sama a tara ta gefe, in jimla biyu ba su haɗu ba a koma a nemo layin da ya ɓuya. Ko mai waya ma muna ba shi shawara ya riƙe littafin, domin ba mu manta Fabrairun 2024 ba, lokacin da layukan waya da intanet suka ɗauke a yawancin ƙasar, ga kuma wuta da ba ta da tabbas, ga ɓarayin waya. Tun da yawancin ciniki yanzu ya koma ta Bankak, akwai wata 'yar dabara mai sauƙi. Duk sanda za ka tura kuɗi akwai wurin rubuta bayani wanda mutane ke bari fayau. Rubuta kalma biyu a ciki, rukuni da shaida, kamar dizal gona, ko magani Inna. Daƙiƙa biyar ce, amma in ka zo cika littafi ran Juma'a ba sai ka dafe kai kana tunani ba.

Game da yayanmu kuwa, mun ɗauki hoton jadawalin wata takwas ɗin muka aika masa. Kuɗinsa na gona ya fito cif, har ya bayyana cewa mun cika daga aljihunmu a lokacin yankan riɗi, sa'ad da ma'aikata suka yi tsada kuma riɗin ba ya jira, in ya bushe a tsaye zubewa yake yi. Ya bugo waya ya ce, "Malam, ka yafe mini." Muka ce babu abin yafewa, tambayarsa daidai ce, littafinmu ne ya gaza. Abin da jadawalin ya ƙara nuna mana, wanda ba mu nema ba, shi ne riɗin wannan damina da ƙyar ya mayar da abin da ya ci, dawa ce ta rufa asiri. Da damina ta zagayo muka rage filin riɗi muka ƙara na dawa, kuma yanzu ran ɗaya ga kowane wata hoton shafin ƙarshe yana isa Jidda kafin ya tambaya.

Tsofaffin ɗaliban nan sun yi alkawarin dawowa da wayoyinsu bayan wata guda mu ga ko gurbin na biyu ya cika. Wanda ya gwada a gida ya ci karo da wata matsala, ya rubuto mana ta hannun edita. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake rubuta adashe da bashi a littafin, domin su ba kuɗin shiga ba ne, ba kuma na kashewa ba.